Shara Mai Guba: Wa Ke Kwashewa, Ina Ake Kai Ta?

Kwanakin baya batiran sola guda biyu na gidana suka mutu, bayan sun yi shekara uku suna aiki. Ban kai ga tunanin yadda zan yi da su ba, sai ga wani yaro mai tura kura, cikin waɗanda muke kira 'yan bola jari, ya yi sallama a ƙofar gida. Muka yi ciniki, ya ƙirga mini kuɗi, na ji daɗi domin abin da nake gani kaya ne ya zame mini riba. Kafin ya ɗora batiran a kura sai ya ja su bakin kwata, ya kwance murafansu, ya tuntsurar da ruwan da ke ciki. Da na tambaye shi dalili, ya ce dillalin da yake kai wa dalma yake saye, ba ya auna ruwa. Ruwan nan ya bi kwata ya gangara ta gefen filin da yaran unguwa ke buga ƙwallo, ni kuwa na koma cikin gida da kuɗina a aljihu, zuciyata ba daɗi.

Aikin da yaron nan ya yi a ƙofar gidana, ba safar hannu, ba takalmin kirki, aiki ne da a wasu ƙasashe ba wanda ke taɓa shi sai kamfani mai lasisi da inshora da mota ta musamman, wanda kuma zai amsa tambaya a gaban shari'a idan ɗigo ɗaya ya zuba inda bai kamata ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu duba yadda sana'ar kwashe shara mai guba take a ƙasashen duniya: inda kamfanoninta ke ƙaruwa, inda suke raguwa, dalilin hakan, da kuma matsayin da mu muke.

Mece ce shara mai guba?

Masana sun keɓe wani rukuni na shara wanda ba a haɗa shi da sharar gida. Duk abin da zai iya kamawa da wuta cikin sauƙi, ko ya ci fata da ƙarfe, ko ya fashe, ko ya sa guba a jiki, ko ya yaɗa cuta, ya shiga wannan rukuni. A cikinsa akwai mataccen batir, da baƙin mai na injin, da ragowar fenti, da galan-galan na maganin feshi, da magungunan da wa'adinsu ya wuce, da allurai da sirinjin asibiti, da dagwalon masana'antun jima da na rini, da wasu sassa na tsofaffin talabijin da kwamfuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin ɗari na sharar da asibitoci ke fitarwa na cikin wannan rukuni.

Saboda muhimmancin aikin, jadawalin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara na rarrabe sana'o'i ya ba shi lamba tasa daban, wato 3812, ya raba shi da kwashe sharar yau da kullum. Da wannan lamba ce ofisoshin ƙididdiga na ƙasashe suke ƙirga kamfanonin da ke wannan sana'a shekara bayan shekara, har a iya kwatanta wata ƙasa da wata. Abu na farko da mai duba irin wannan lissafi zai lura da shi shi ne, a ko'ina masu kwashe shara mai guba 'yan kaɗan ne idan aka gwada su da masu kwashe sharar gida, domin shiga sana'ar na buƙatar jari mai kauri da ƙwararrun ma'aikata. Abu na biyu kuwa, yawansu a kowace ƙasa yana bin ƙarfin dokar ƙasar fiye da yadda yake bin yawan gubar da ƙasar ke fitarwa.

Doka ce ta haifi sana'ar

Dalilin haka a fili yake. Ba mai masana'antar da zai biya wani kuɗi ya ɗauke masa dagwalo alhali yana iya zuba shi a rafi kyauta. Sai ran da zubawa a rafi ta fi biyan mai kwashewa tsada, ta hanyar tara ko ɗauri ko rufe masana'anta, sannan kasuwa take buɗewa. Tarihin Amurka ya nuna haka ƙarara. Daga shekarun 1940 zuwa 1953 kamfanin Hooker Chemical ya binne kimanin tan 21,000 na dagwalon sinadarai a wani tsohon magudani da ake kira Love Canal, a garin Niagara Falls, sannan ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala ɗaya tak. Aka gina makaranta a kai, aka gina gidaje a kewaye. A ƙarshen shekarun 1970 guba ta fara tsattsafowa cikin gidajen mutane, har Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci a wurin a 1978, aka kwashe ɗaruruwan iyalai.

Tun a 1976 majalisar Amurka ta yi dokar da ta wajabta a bi sawun shara mai guba daga inda aka haife ta har inda aka binne ta. A ƙarƙashin ƙa'idojin da suka fara aiki a 1980, kowane kaya yana tafiya da takardar rakiya wadda mai sharar da direba da mai karɓa duk za su sa wa hannu. A wannan shekara ta 1980 aka ƙara wata doka da ta ce wanda ya gurɓata wuri shi zai biya kuɗin gyara, ko da wani ya ba ya zubar masa. Nan take masana'antu suka shiga neman wanda zai ɗauke musu wannan nauyi bisa ƙa'ida, kamfanonin kwashewa suka yi ta ɓullowa. Kamfanin Clean Harbors, wanda a yau yake cikin manya a nahiyar Amurka ta Arewa, a 1980 ɗin aka kafa shi a jihar Massachusetts da mutum huɗu masu wanke tankuna.

Turai ma sai da ta ji a jikinta. A watan Yuli na 1976 wata masana'anta kusa da garin Seveso na Italiya ta fitar da hayaƙi mai ɗauke da gubar dayoksin. A 1982 aka loda duro 41 na dagwalon wurin a mota domin a kai su inda za a halaka su, sai suka yi ɓatan dabo. Sai a watan Mayu na 1983 aka gano su jibge a wata tsohuwar mayanka a wani ƙauye na arewacin Faransa. Abin kunyar ya sa ƙasashen Turai suka tsaurara dokar ketare iyaka da irin wannan kaya, suka kuma tsananta sharuɗɗan ba da lasisi.

Da wuta ta yi zafi can, sai aka waiwayo nan

Tsananta doka ya sa kuɗin halaka tan ɗaya na shara mai guba ya yi tashin gwauron zabo a Turai da Amurka. A nan ne wani irin ɗan kasuwa ya fito: dillali mai ofis da wayar tarho da takardar kamfani, wanda zai karɓi kaya a farashi mai rahusa, ya nemi ƙasar da hukuma ke barci ya jibge. A 1988 aka zubar da kimanin tan 15,000 na tokar sharar birnin Filadelfiya a tsibirin Kassa da ke kusa da Konakiri a ƙasar Gini. A wannan shekarar aka yi wa Gini Bisau tayin dala miliyan 600 domin ta karɓi miliyoyin tan na dagwalo cikin shekara biyar, kuɗin da ya ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara, kafin surutun jama'a ya sa ta janye.

Mu ma ba mu tsira ba. Idan mai karatu bai manta ba, tsakanin 1987 da 1988 wasu 'yan kasuwar Italiya sun shigo da kusan tan 4,000 na dagwalo cikin dubban durorin ƙarfe, suka jibge a wani fili a garin Koko, ƙaramar tashar jiragen ruwa da ke tsohuwar Jihar Bendel, Jihar Delta a yau. Dala 100 a wata suke biyan mai filin. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka tona asirin, suka aiko wa jaridun gida labari. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kira jakadanta gida, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya a Legas, har sai da Italiya ta yarda ta kwashe kayanta. Ma'aikatan da suka yi lodin durorin sun sha ƙuna da rashin lafiya. Jirgin Karin B da ya ɗauki wani kaso na kayan ya yi ta yawo a teku, tashoshin Turai na korarsa ɗaya bayan ɗaya, kafin ya sauke a Italiya. Abin da aka ga ya dace da bayan gidan talaka a Koko, ba tashar Turai da ta yarda ya kwana a bakinta.

Daga wannan abin takaici ne Nijeriya ta samu Doka ta 42 ta 1988, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigowa da shara mai guba ko zubar da ita, da kuma Doka ta 58 da ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA. Duniya kuma ta ƙulla Yarjejeniyar Basel a watan Maris na 1989, wadda ta fara aiki a 1992, ta ce ba a tura wa wata ƙasa irin wannan kaya sai da saninta da yardarta a rubuce. Ƙasashen Afirka suka ga hakan bai wadatar ba, suka ƙulla tasu a Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da shi nahiyar baki ɗaya. Gyaran da ya hana ƙasashe masu arziki tura sharar gubarsu zuwa matalauta kuwa, an amince da shi tun 1995, amma sai a watan Disamba na 2019 ya fara aiki. Amurka ta sa hannu a Yarjejeniyar Basel, ba ta kuwa tabbatar da ita ba.

Hanyoyi uku da duniya ta kama

Idan aka dubi ƙasashen duniya a yau, za a ga sana'ar ta kama hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ta ƙasashen da suka daɗe da doka, irin su Amurka da yammacin Turai. A can sharar ba ta ragu ba. A 2022 kaɗai ƙasashen Tarayyar Turai sun fitar da fiye da tan miliyan 100 na shara mai guba. Amma manyan kamfanoni sai haɗiye na ƙasa da su suke yi. Clean Harbors ya sayi Safety-Kleen a 2012 a kan dala biliyan 1.25. Republic Services ya sayi US Ecology a 2022 a kan dala biliyan 2.2. A shekarar ce kuma Veolia na Faransa ya kammala sayen babban abokin hamayyarsa Suez. A 2024 kamfanin Waste Management ya sayi Stericycle, wanda ya shahara wajen kwashe sharar asibitoci, a kan kimanin dala biliyan 7.2. Abin da ke tura su ga haka shi ne, gina tanderun ƙona guba ko ramin binnewa mai shimfiɗar kariya yana cin maƙudan kuɗi, samun izinin gina sabo kuwa yakan ɗauki shekaru domin ba unguwar da ke son a kafa shi kusa da ita. Wanda ya mallaki tanderu shi ke da kasuwa. Ƙananan kamfanoni masu 'yan motoci suna nan, amma akasarinsu ƙofar manyan suke kai kayansu. Saboda haka raguwar sunaye a rajistar irin waɗannan ƙasashe ba alamar koma-baya ba ce.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙasashen da masana'antunsu suka bunƙasa cikin gaggawa, doka ta biyo baya da gudu. Ƙasar Sin ce babban misali. A 2013 kotun ƙolin ƙasar da ofishin babban mai gabatar da ƙara suka fayyace cewa zubar da tan uku ko fiye na shara mai guba ba bisa ƙa'ida ba laifi ne na ɗauri. Cikin 'yan shekaru masu lasisin karɓar wannan shara suka ninka, har ƙarfin da aka ba da izininsa a takarda ya zarce abin da ake kai musu nesa ba kusa ba. Duk da haka, a watan Maris na 2019 dagwalon da wata masana'antar sinadarai ta ɓoye shekara da shekaru a gundumar Xiangshui ya kama da wuta ya fashe, mutum 78 suka mutu. Ƙasar ta sake tsaurara dokarta a 2020, ta kuma rufe ƙofar shigo da kowace irin shara daga waje tun daga farkon 2021. Indiya ta yi ƙa'idojinta a 1989, ta sabunta su a 2016, ta kafa cibiyoyin haɗin gwiwa inda masana'antun yanki guda ke kai dagwalonsu. Amma tan 337 na sharar masana'antar Union Carbide ta Bhopal, inda iskar guba ta kashe dubban mutane a watan Disamba na 1984, sai a farkon Janairun 2025 aka ɗauke su daga wurin. Shekara arba'in cur kaya na jiran mota.

Hanya ta uku ita ce tamu, mu da yawancin ƙasashen Afirka: kamfanoni 'yan ƙalilan a rajista, dubban masu kwashewa a titi. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa duniya ta fitar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22.3 cikin ɗari ne kawai aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. A Turai abin ya haura kashi 40 cikin ɗari. A Afirka bai kai kashi ɗaya ba. Wannan ba ya nufin sauran suna nan zube ba mai taɓawa. Ana kwashe su sarai, sai dai masu kwashewar ba su cikin littafin kowa.

Taron tsintsiya ba shara

Kada mai karatu ya ɗauka cewa da zarar sunayen kamfanoni sun yawaita a rajista an gama. Abin da ya faru a Abijan ya isa darasi. A watan Yuli na 2006 jirgin ruwa mai suna Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya nemi sauke dagwalon wanke mai a tashar Amstadam. Da kamfanin tashar ya gwada kayan ya ga irin gubarsu, sai ya ɗaga farashi daga Yuro 27 zuwa Yuro 1,000 a kan kowace lita dubu. Aka ƙi biya, aka mayar da kayan cikin jirgi. A watan Agusta jirgin ya isa Abijan, aka miƙa fiye da lita 500,000 ga wani kamfanin gida mai suna Tommy, wanda bai fi 'yan makonni da samun lasisi ba, a kan kimanin dala 17,000. Tankokin haya suka bi dare suka zubar da kayan a wurare kusan 18 a cikin birnin. Hukumomin ƙasar sun ce aƙalla mutum 15 sun mutu, fiye da 100,000 kuma sun je asibiti. Trafigura ya biya gwamnatin ƙasar kimanin dala miliyan 198 a 2007 ba tare da amsa laifi ba, ya kuma ci gaba da musanta cewa kayan na iya kisa. A 2010 wata kotun Holan ta ci shi tarar Yuro miliyan ɗaya saboda fitar da sharar ba bisa ƙa'ida ba. Shugaban Tommy, wanda ɗan Nijeriya ne, an yanke masa ɗaurin shekara 20 a 2008.

Abin lura a nan shi ne, a lissafin waccan shekara Tommy kamfani ne mai lasisi, yana cikin waɗanda za a ƙirga a ce ƙasa ta ci gaba. Lasisi yake da shi, ba shi da wurin kai kaya. Ko a Turai an ga irin wannan. A yankin Kampaniya na kudancin Italiya, 'yan ƙungiyar masu aikata miyagun laifuka ta Camorra sun shafe shekaru suna karɓar dagwalon masana'antu a farashin da kamfanin gaskiya ba zai iya ba, suna binnewa a gonaki ko su cinna masa wuta, har aka laƙaba wa yankin suna Ƙasar Gobara. A watan Janairu na 2025 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci cewa gwamnatin Italiya ta gaza kare rayukan mazauna wurin. A wannan sana'a, duk wanda ya zo maka da araha mai yawa, to ya riga ya san ramin da zai zuba.

Mu dawo gida

Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 domin tilasta bin dokokin muhalli, ita ke da alhakin sa ido a matakin tarayya, ban da harkar mai da gas. Ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, ta fitar da na batir a 2024, kuma a 2018 aka kafa ƙungiyar EPRON domin masu ƙera kayan lantarki da masu shigo da su su ɗauki nauyin tattara matattunsu. Dokoki dai ba mu rasa ba. Amma 'yan kamfanonin da ke da kayan aiki na gaske sun fi taruwa a Legas da Fatakwal, inda kamfanonin mai da manyan masana'antu suke, waɗanda ake bincikarsu kuma suke iya biya. Wannan ma ya ƙara tabbatar da abin da muka faɗa tun farko: inda ake tilastawa, nan mai kwashewa yake kafa shago.

Kaya kuwa ba su fasa shigowa ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa a shekara, kusan rubu'insu matattu ne, da yawa kuma a cikin motocin gwanjo ake cuso su. Yanzu ga sola ta shiga gidaje da shaguna da asibitoci saboda rashin wuta, kowane batirin dalma kuwa yana da wa'adin 'yan shekaru. Waɗanda ake tattarawa daga Arewa da yawa Kudu ake kai su a narke. A garin Ogijo na Jihar Ogun, inda masana'antun narka batir suka yi yawa, gwaje-gwaje sun nuna dalma a jinin mazauna, har hukuma ta rufe wasu daga cikin masana'antun a 2025.

Mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a gaya mana abin da dalma ke yi. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa ƙurar dutsen zinariya mai haɗe da dalma, wanda ake daka shi a cikin gidaje, tana kashe yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Da aka zo kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje a binne ta, wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics ne ya jagoranci aikin tare da mutanen ƙauyukan da ma'aikatan jiha. Garin Bagega sai da ya jira har 2013 kafin a saki kuɗin aikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizani na dalma a jinin yaro da za a kira marar illa. Tana dakushe ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa.

A Kano, masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai sun daɗe suna fitar da ruwa mai ɗauke da sinadarin kurom, wanda ke gangarawa kogin Challawa da rafukan Getsi da Jakara, inda manoman rani ke ban ruwan latas da kabeji da alayyahon da ke zuwa teburinmu. Ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani da yawa a bayan gini suke ƙona sirinji, ko su haɗa da sharar gida a kai bola, inda almajiri da akuya ke tono. Galan ɗin maganin feshi kuwa, a karkara wanke shi ake yi a zuba ruwan sha ko man gyaɗa.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a fara da ƙirga. Kowace jiha ta san masana'antu da asibitoci da gidajen mai da ke cikinta. Ta wajabta musu bayyana irin gubar da suke fitarwa da yawanta da wanda suke ba wa. Takardar rakiya mai sa hannun mutum uku ba ta buƙatar wata fasaha mai tsada, a yau ma wayar hannu ta isa.

Na biyu, kada a ba kowa lasisin kwashewa sai ya nuna inda zai kai, jami'i ya je ya gani da idonsa, a kuma riƙa komawa ba tare da sanarwa ba. Lasisin da ake bayarwa a ofis don a tara kuɗin shiga, Tommy yake haifarwa.

Na uku, ba kowace jiha ce za ta iya gina tanderu da ramin binnewa na zamani ba, kuma ba a buƙatar hakan. Jihohin Arewa maso Yamma za su iya haɗa hannu su gina cibiya guda kusa da Kano ko Kaduna, kamar yadda Indiya ta yi wa yankunan masana'antunta, masu fitar da dagwalo su riƙa biya gwargwadon nauyin kayansu. Muddin babu wurin kaiwa a kusa, ba ɗan kasuwar kirki da zai sa kuɗinsa a motocin kwashewa.

Na huɗu, a sa wa mataccen kaya daraja. A Amurka mai sayen sabon batirin mota yakan ajiye wani kuɗi da ba za a mayar masa ba sai ya kawo tsohon, kuma kusan kashi 99 cikin ɗari na batiran dalma na ƙasar suna komawa masana'anta. A Jamus dole ne shagon da ke sayar da batir ya karɓi matacce, kuma akwai motocin hukuma da ke zagaya unguwanni a ranakun da aka sanar domin karɓar ragowar fenti da sinadaran gida. Dillalan sola na Kano da Kaduna da Sakkwato za su iya yin haka gobe idan an wajabta musu, kuma a biya cikakken batir mai ruwansa fiye da wanda aka tsiyaye.

Na biyar, a daina kallon 'yan bola jari a matsayin matsala kawai. Gaskiya ne akwai ɓata-gari a cikinsu, abin da ya sa Jihar Barno ta hana sana'ar a 2023, Abuja ma ta kore su daga cikin birni a 2024. A Gana an rushe kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie da ke Akara a 2021, inda akasarin masu aikin 'yan arewacin ƙasar ne, sai suka watsu cikin unguwanni suka ci gaba da ƙona waya a inda ido ba ya kai wa. Waɗannan matasa su ne kaɗai ke isa kowane lungu. A yi musu rajista ta hannun ƙungiyoyinsu, a ba su safar hannu da takunkumi da horo, a haɗa su da cibiyoyin karɓa masu lasisi. Daga cikinsu ne ƙananan kamfanonin gobe za su fito.

Mu kuma da muke karanta wannan shafi, likitoci da injiniyoyi da manajoji da malamai, mu ne muke sa hannu a takardar kwangilar kwashe shara a wuraren aikinmu, mu ne kuma masu batiran sola a gida. Kafin mu miƙa kaya ga mai mota ko mai kura, mu tambaye shi inda zai kai. Ni dai ban yi wannan tambaya ba sai da ruwan batir ya riga ya bi kwata. Koko ta ba mu doka shekara talatin da ɗoriya da suka wuce. Abin da ya rage shi ne masu aiwatar da ita, da wurin da za a kai kayan. Allah Ya sa masu iko su ji, mu ma Ya ba mu ikon gyarawa.